Ƙararrawa Biyu, Batir Ɗaya

Asabar, 9 ga Yuli, 1994, bayan la'asar

Yaya Muhyiddin ya zo daga Kaduna babu sanarwa, kamar yadda ya saba. Ya ce sai da ya kwana biyu a layin gidan mai kafin ya samu abin da zai kawo shi Kontagora. Na ce to me ya yi zafi, da ka yi zamanka. Ya ce tsaraba ce ta taso shi. Har na fara murnar atamfa, sai ya zaro wasu fararen abubuwa guda biyu masu kama da murfin kwanon sha. Wai ƙararrawar hayaƙi. A silin ake kafa su, da sun ji hayaƙi sai su tsala ihu. Wani gida ya ƙone a layinsu watan jiya da mutum uku a ciki, tun daga nan Yaya bai sake samun nutsuwa ba. Abokin aikinsa da ya je kwas Ingila ya kawo masa huɗu, ya kafa biyu a gidansa, biyu namu ne.

Baban Madina ba ya nan, ya fita da babur tun asuba. Na yi hamdala a zuci, sannan na ji kunyar hamdalar.

Gidanmu ɗaki huɗu ne a jere, da rufaffiyar baranda a gabansu: falo, ɗakinmu, ɗakin Goggo mahaifiyarsa, sai ɗakin ƙarshe. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu, yana ɗaga kai kamar mai neman yana. Ya ce ba a kafawa a lungu, hayaƙi ba ya saurin shiga kusurwa. Ba a kafawa kusa da taga ko fanka, iska za ta kore shi. Ba a kafawa kusa da madafi, in ba haka ba kullum na hura wuta sai ta tara mini jama'a. Ya aro tsani a gidan Sista Agatha maƙwabciyarmu, ya ɗaure ɗaya a tsakiyar silin baranda, daidai ƙofarmu. Ta biyun ya ce ɗakin Goggo, tunda can Madina ke kwana tun da aka yaye ta, kuma can kasko yake.

Goggo tana zaune tana kallonsa. Duk unguwa Maiturare ake kiranta, shekara arba'in tana haɗa turaren wuta, amare har daga Rijau ake aikowa.

"Muhyiddin, wannan me take ci?"

"Batir, Goggo. Kin ga ɗan jan idon nan? Muddin yana ƙiftawa tana da rai. Duk Juma'a ki ɗaga sandarki ki danna nan tsakiya, ki ji ko za ta amsa."

Ya danna. Madina ta ruga bayana, kaji suka watse a tsakar gida. Goggo ta toshe kunne ta ce, "Wannan ai 'yar tsegumi ka kawo mini."

Da ya zo ɗakin ƙarshe ya tarar da kwaɗo. Na ce mabuɗin yana wurin maigidan. Ya tsaya ya ja numfashi ta hanci, ya dube ni. Na ce babur ne, wani lokacin a nan yake kwana.

Da zan raka shi mota na tambaye shi ko tana jin warin wani abu ban da hayaƙi. Ya ce kamar me? Na ce ko mene ne. Ya ce a'a, hayaƙi kawai, sai abu ya kama tukuna.

Lahadi, 10 ga Yuli, da hantsi

Baban Madina ya gan su jiya da ya dawo. Ya daɗe a tsaye ƙarƙashin ta baranda, hula a hannu.

"Malama, yayanki ya shiga ina da ina?"

"Inda ƙofa take a buɗe."

Ya yi dariya, ya ɗauki Madina ya ɗaga ta sama don ta ga jan idon. Mutumin nan yana son 'yarsa, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Tun da kamfanin da yake yi wa tuƙi ya rufe ban ga ya zauna wuni ɗaya ba. Ya ce mini sati biyu kawai, da layi ya ƙara tsawo zai fitar da kayan gaba ɗaya, mu huta. Satin da ya wuce ma sati biyu ya ce.

Talata, 12 ga Yuli, bayan azahar

An kawo wasu jarkoki da sassafe, a lulluɓe da buhu. Na daina ƙirgawa.

Alhamis, 14 ga Yuli, da yamma

Tsakanin ɗakin Goggo da ɗakin ƙarshe akwai tsohuwar ƙofa da aka buga wa ƙusa tun kafin a kawo ni gidan. Goggo ta rataya tabarma a kanta, katifar Madina kuma a gindinta take. Yau na durƙusa ina gyara shimfiɗa na ji iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofar. Warin tashar mota sak.

Na ce, "Goggo, ba kya jin wani abu a ɗakin nan?"

Ta ce, "Hancina ya mutu tun murar bara, 'yar nan."

Matar da in an rage ƙwaya ɗaya ta hawi a haɗin turare za ta gane daga bakin ƙofa. Na janye katifar zuwa ɗaya bangon. Da na dawo daga alwala na tarar an mayar da ita, wai wancan bangon yana tsattsafo da damina.

Juma'a, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Yau 'yar tsegumi ta yi aikinta, kuma na ga fuskar mijina yadda ban taɓa gani ba.

An yi ruwa da safe, ɗaki ya yi sanyi, Goggo ta rufe ƙofa da taga ta zuba turare a garwashi kamar kullum Juma'a. Ina wanke shinkafa na ji ihun. Ban san lokacin da na yar da ƙwaryar ba. Abin da na gani a raina tsakanin madafi da ƙofar Goggo ba zan rubuta shi ba. Na banka ƙofa na tarar da Goggo a kan sallaya, Madina tana dariya, hayaƙin turare ya taru a silin.

Kafin in juya, Sista Agatha ta shigo da bokitin ruwa, zani a hannu, bayanta mata uku da wani mai faci daga bakin titi. Baranda ta cika. Baban Madina ya dawo daga masallaci ke nan, ya tsaya a gaban ɗakin ƙarshe ya jingina da ƙofar, yana ta murmushi yana cewa ba komai, ba komai, turare ne, Allah ya saka da alheri. Gumi yana bin wuyansa ana wannan sanyin.

Sista Agatha ta ajiye bokitin, ta ce, "Maman Madina, abin nan yana da kyau. Ko ina cikin barci zan ji." Sai ta ɗan yamutsa hanci. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga ƙuna iri-iri. Har ta fita ba ta daina waiwayen ƙarshen baranda ba.

Asabar, 16 ga Yuli, da safe

Ta baranda ba ta ƙiftawa. Ta ɗakin Goggo ma ba ta ƙiftawa.

Asabar, bayan magariba

Na tambaye shi. Bai yi musu ba, ya ce a masai ya jefa batiran duka biyu.

"Rabi, kin san abin da ake yi wa wanda aka kama da kaya a gida yanzu? Gida-gida 'yan hukuma suke bi. Jiya sun kwashe mutum biyu a bayan kasuwa. Wannan abar in ta sake kira mini unguwa, ni za ta ƙona, ba gidan ba."

"Baban Madina, 'yarka a jikin ƙofar take kwana."

"Na toshe ƙarƙashin da tsumma. Sati biyu."

Ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Na ji shi a ɗakin Goggo yana rage murya: wai ta riƙa sa turare safe da yamma, mai ƙarfin, wanda ake yi wa amare, don in baƙo ya shigo ƙamshi ya tare shi tun daga soro. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta ce a'a. Ta ce, "To, Allah ya rufa asiri."

Wato yanzu garwashi ne zai rufe mana wancan warin. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

Litinin, 18 ga Yuli, bayan an tashi makaranta

Ina koya wa 'yan aji huɗu rabawa na rubuta lissafi ɗaya sau biyu a allo. Yaran suka yi ta dariya. Duk ƙarar da na ji daga wajen gari sai na leƙa taga in duba ko akwai baƙi a sama ta wajen unguwarmu.

Gidanmu ƙamshi kamar ana biki. Wata mai tallan nono ta tambaye ni ko amarya aka kawo.

Laraba, 20 ga Yuli, da la'asar

Na gwada dawo da Madina ɗakinmu. Na ce tana tari, ina so in riƙa dubata. Goggo ba ta hana ba. Ta naɗe kayan yarinyar a zani, har da ɗan kofinta, ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Ai 'yarki ce. Ni dama aro aka ba ni." Sai ta juya fuska bango.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san ba a karɓe yayayyen yaro daga hannun kaka sai in an yi ɓatacciya. Kafin azahar wata dattijuwa ta shigo tana tambayata me Maiturare ta yi mini. Madina kuma ta ƙi cin abinci, ta zauna a ƙofar Goggo tana kuka. Babanta ya ce in mayar da ita kafin mutane su fara tambayar dalili. Na mayar.

Da na auna da ƙafa ma, daga gadonmu zuwa ɗakin ƙarshe taku tara ne. Wa nake ruɗi?

Juma'a, 22 ga Yuli

Ba wanda ya danna komai yau. Babu abin dannawa.

Asabar, 23 ga Yuli, da yamma

Na zaga kasuwa kaf ina neman irin batirin. Ba irin na tocila ba ne, ɗan mai kusurwa huɗu ne da ƙahoni biyu a ka. Masu kanti sai su juya takardar da na zana shi su ce ba su taɓa gani ba. Wani ya ce in je Minna. Da wane mai?

A ƙarshe wani tsoho mai gyaran rediyo ya buɗe bayan na'urar da yake auna wuta da ita, ya ciro mini nasa. Ya taɓa ƙahonin a harshe, ya yamutsa fuska, ya ce da saura. Ya ce, "Malama, me za ki yi da shi?" Na ce agogo ne. Na lura ƙarya ta fara yi mini sauƙi.

Guda ɗaya. Na ƙulle shi a bakin zani, duk hanya ina taɓawa.

Lahadi, 24 ga Yuli, da hantsi

Ƙararrawa biyu, batir ɗaya. Na wuni jiya ina juya maganar.

In na sa a ta ɗakin Goggo, ita ce kusa da Madina, ita za ta fara ji. Amma turare safe da yamma, ba za ta kai azahar ba za ta yi ihu, shi kuma ya san hanyar masai. In na sa a ta baranda, hayaƙin turare ba ya kai mata, za ta zauna lafiya. Sai dai kafin wani hayaƙin ya fito daga ɗakin Goggo ya iso gare ta, me ya rage a ɗakin?

Na zaɓi baranda. Allah ka gani, ba don ta fi ba, don ita ce za ta kwana da rai.

Da ya fita na aro tsanin Sista Agatha, na ce yana zan share. Na murɗe murfin hagu kamar yadda na ga Yaya ya yi, na haɗa ƙahonin, ta yi 'yar ƙara sau ɗaya. Jan idon ya ƙifta. Na yanki filasta ƙanƙane na liƙe shi, fari a kan fari, daga ƙasa ba mai ganewa.

Ina saukowa na ga labulen Goggo yana motsi. Da na kai mata kunu ta ce, "Yanar ta fita?" Na ce ta fita. Ta ce, "Madalla. A riƙa kula da tsani, yana da santsi."

Talata, 26 ga Yuli, bayan azahar

Layin gidan mai ya kai har kwanar asibiti. Mutane suna kwana a cikin motoci, mata suna kai musu abinci. Baban Madina ya ce kin gani, ƙara haƙuri kaɗan. Sati biyu.

Hannunsa ko ya wanke da sabulu sau uku warin yana nan. Madina ta ce Baba yana warin babur. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Juma'a, 29 ga Yuli, da yamma

An ba da hutu. Yanzu wuni zan riƙa yi a gidan, ban san ko sauƙi ne ko ƙari ba.

Sista Agatha ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Maman Madina, ni ba na shiga maganar gidan mutane. Amma bangonku da namu ɗaya ne, kuma 'yata Helen a jikinsa take kwana." Na ce na sani. Ta ce, "Abin ihun nan naku, kwana biyu ban ji shi ba." Na ce lafiya ce ta sa. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai, bokitina ya cika yana zuba ban sani ba.

Na fara rubuta wa Yaya wasiƙa, na yaga. In ya zo ba zai tsaya a kan kwaɗo ba, kuma daga ranar shi da mijina sun gama gaisawa har abada.

Litinin, 1 ga Agusta

Na ɗaga filastar da tsinken tsintsiya. Tana ƙiftawa. Na mayar.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Da hannun hagu nake rubutu, duk wanda ya ga shafin nan ya yi haƙuri.

Na dawo daga kai niƙa wajen azahar. Gidan shiru, sai ƙamshi. Na ɗaga labulen Goggo na same ta tana gyangyaɗi da carbi a hannu. Madina tana tsugune a gindin tsohuwar ƙofa tana zane da yatsa a cikin wani ruwa da ya biyo ta ƙarƙashi, ya jiƙa tsumman, ya kwanta a siminti yana sheƙi kala-kala. Ta ce, "Umma, kin ga bakan gizo." Kaskon yana nan gefe, bai fi kamu uku da bakin ruwan ba, garwashi jajir.

Ban nemi tsumma ba. Na sunkuci kaskon da hannu, na bi baranda da shi, ban ajiye ba sai a tsakiyar tsakar gida. Na kifa masa ruwan tulu. Sannan na koma na ɗauko yarinyar, na tuɓe ta, na yi ta wanke ta tana kuka ina kuka. Sai bayan nan na ga tafin hannuna.

Goggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Ko ruwan sama ne ya biyo?"

Kwana uku ba a yi ruwa ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da aka kawo ni, yau ma ban ɗaga ba. Na buɗe mata hannuna kawai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta je ta durƙusa da ƙyar, da gwiwoyin nan nata, ta dangwali ruwan ta kai hanci. Wannan karon ba ta ce hancinta ya mutu ba.

Sista Agatha ta naɗe mini hannun. Na ce tukunya ce. Ta ce, "To, tukunya."

Alhamis, bayan magariba

Ya dawo, ya buɗe ɗakin ƙarshe, ya ce jarka ɗaya ce ta tsage a gindi. Ya juye ta a wata, ya zuba yashi a ɗakin Goggo ya share. Ya ga hannuna, idonsa ya kawo ruwa, wallahi ya kawo. Ya riƙe yatsuna ya ce, "Rabi, ki yafe mini. Akwai wanda zai zo daga Mashegu ya kwashe duka. Sati..." Bai ƙarasa ba, don ya ga yadda na dube shi.

Ya leƙa wurin Goggo ya ce gobe Juma'a, mutane za su yi ta wucewa, warin kuma ya ƙaru, ta daure ta sa turare tun da wuri, a baranda ma ya isa. Ta ce, "Na ji." Ba ta ce Allah ya rufa asiri ba.

Madina tana ɗakinmu. Goggo da kanta ta kawo ta.

Juma'a, 5 ga Agusta, da la'asar sakaliya

Zan rubuta yadda ya faru a jere, don kaina bai daina juyawa ba.

Goggo ba ta hura garwashi ba yau. Ta yi wanka, ta sa farin mayafinta na zuwa suna, ta zauna a baranda da sandarta a kan cinya. Na ce ko unguwa za ta, ta ce a'a. Ta tambaye ni sau biyu ko an sauko daga masallaci.

Layinmu shi ne hanyar masu dawowa daga Juma'a. Da muka fara jin takun mutane da gaishe-gaishe a bayan katanga, har da muryar mai unguwa, sai ta miƙe. Ta zo daidai ƙofarmu, ta ɗaga kai, ta ɗaga sandar da hannu biyu. Sau biyu tana kuskurewa. A na uku ta samu tsakiyar, ta danna, ba ta saki ba.

Na ce, "Goggo!"

Ta ce, "Ɗauki yarinyar ki fita waje."

Ihun ya yi ta yi. Mayafin ya zame, ba ta saki ba. Sista Agatha ce ta fara shigowa, wannan karon babu bokiti, da mijinta ta zo. Sai maza suka cika soro da tsakar gida da sallayu a kafaɗa. Yau babu turare. Duk wanda ya sa ƙafa a baranda sai ya ja da baya ya kama hanci. Wani ya fizge taba daga bakin wani ya murje ta a waje.

Mai unguwa ya ce, "Maiturare, ina wutar?"

Sai a lokacin ta sauke sandar. Ta ce, "Babu wuta tukuna, ranka ya daɗe. An ce mini duk Juma'a in gwada." Ta nuna ɗakin ƙarshe da sandar. "Jikata a jikin wancan take kwana."

Baban Madina ya kutso ta cikin mutane ya tsaya. Ya dubi kwaɗon, ya dubi silin, ya dubi mahaifiyarsa. Mai unguwa ya miƙa masa hannu, ya daɗe kafin ya sa mabuɗin a ciki.

Sun yi layi suna miƙa wa juna har bakin titi, a hankali. Na tsaya da Madina a goye ina kallon abin da muka yi wata biyu muna kwana da shi yana wucewa a gaban duk unguwa. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Na kuma ji numfashina yana sauka har ciki, karo na farko tun watan Yuni.

Mai unguwa ya tafi da kayan, ya tafi da Baban Madina.

Lahadi, 7 ga Agusta

Ba a tsare shi ba, dattawa sun shiga maganar, kayan dai sun tafi. An ce yana Ibeto wurin ƙanin babansa. Bai aiko ba.

Laraba, 10 ga Agusta, da hantsi

Mun wanke ɗakin ƙarshe sau huɗu da toka da sabulu, ni da Sista Agatha, ƙofa da taga a buɗe. Har yanzu in rana ta yi zafi simintin yana fitar da warin. Goggo ta kife kaskonta a bayan tulu. Wata ta zo sayen turaren amarya, ta ce mata ta daina sai wani lokaci.

Ba ta cin abinci sosai. Duk babur da ya tsaya a waje sai ta gyara mayafi.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Ya dawo. Ya rame, bai aske gemu ba. Madina ta ruga ta rungume ƙafarsa, ya shafa kanta, amma idonsa yana silin. Bai zauna ba. Ya ɗauko kujera ya hau, ya kai hannu ya ɓare filastar. Jan idon ya ƙifta masa a fuska.

Ya sauko yana juya ɗan filastar a yatsa. Ni ina bakin ƙofarmu, Goggo tana kan tabarma.

"Na jefa batiran a masai da hannuna. Wa ya sa wannan?"

Na buɗe baki zan amsa. Na riga na shirya tun Lahadi, har na ninke kayana a akwati.

Goggo ta ce, "Ni ce."

Ya dube ta. Matar da sai an kama ta take hawa dakalin soro. Ya dubi silin, ya dubi gwiwoyinta, sannan ya juyo ya dubi farin bandejin da ke hannuna, da filastar da ta riƙe shi.

"Goggo, ke kika hau tsani?"

"Ni na hau, ni na sa, ni na danna. In akwai wanda za ka kora a gidan nan, ga ni. Sai ka faɗa mini gidan uban wa zan tafi."

Sai ya durƙusa a gabanta, ba don gaisuwa ba. Ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Haliru, fetur ka ajiye a kan 'yarka, ka sa ni na riƙa hura masa wuta." Ita ta faɗi kalmar, ni sai yanzu na iya rubuta ta.

Ya shiga ɗaki. Ya ga akwatin. Ban san me zai ce gobe ba.

Da na kai wa Goggo ruwan alwala na durƙusa na ce, "Goggo, me ya sa?" Ta karɓi butar ba ta dube ni ba.

"Ni ba shi da takardar da zai rubuta mini, 'yar nan. Ke yana da ita. Je ki kwance akwatin, ki miƙo mini sandata. Yau Juma'a, ba a gwada ba."